Sautuka Ukun Lolo Emong

Saura kwana tara bikin waliyyin garinmu, shugaban makaɗanmu Maestro Dalmacio ya ɗaga sandarsa ya tsayar da badujala, karo na uku a wuri ɗaya cikin kiɗan. Wurin na kakana ne, Lolo Emong. Nan ne kowa ke yin shiru, kilarinet ɗinsa, wata irin sarewar Turawa, ta hau ita kaɗai har ƙololuwa, ta tsaya a can bugu huɗu. Shekara talatin da ɗaya shi ke busa shi. Bana sautuka ukun ƙarshe sun ƙi isa, kowanne sai ya tsaya ƙasa da mazauninsa kaɗan.

"Emong, akuyar wa aka taka?" in ji Mang Berting daga bayan tubarsa, ƙaton ƙahon busa na tagulla.

"Taka ce, ta biyo ka daga gida," Lolo ya amsa ko juyowa bai yi ba.

Aka bushe da dariya, ban da Maestro. Ya ce ran Alhamis za a sake gwadawa, in abin bai gyaru ba Luming ce za ta busa. Ni ce Luming. Na kafa ido a takardata har aka tashi.

A gida Lolo ya ɗora wa kilarinet laifi. Ya kankare ɗan ɓallin gorar da ke bakinta, ya sake wani, ya tura wuyanta ciki har ƙarshe. Sautukan ƙasa suka wuce wuri, na sama suna nan inda suke. Ni kuwa na san matsalar. A watan Janairu aka sa masa haƙoran roba. Da can cije bakin kilarinet yake yi ya tura sautin sama, yanzu in ya cije sai haƙoran su zame, sai ya saki. Shekara huɗu na yi ina karanta wannan busar a jami'a a Manila, amma shi ya fara ɗora yatsuna a kanta ina 'yar shekara bakwai. Sau biyu ina buɗe baki, sai in ji kaina ina tambayarsa ko zai ƙara shinkafa.

Ran Laraba muna dawowa daga kasuwa da kifi, ya hango mai keken haya a can tsallaken titi.

"Psst!"

Tsakin ya fita siriri, da kaifi, sai da mai keken ya taka birki.

"Lolo, ku sake yi," na ce.

"In sake me?"

"Kiran."

Ya dube ni sheƙeƙe, ya sake. Wata mai sayar da mangwaro ta waiwayo.

"Ina harshenku yake da kuka yi?"

Ya lalubi cikin bakinsa da harshe. "Sama. Ya kusa manne wa ganɗa."

"Lolo, hawa za ku yi ko gwada ni kuke?" mai keke ya ƙwalla.

Da muka isa gida ban ko wanke kifin ba. Na ce ya ajiye harshen a wurin nan, kada ya cije, ya hura iska siririya da sauri, ya kuma danna maɓallin ƙaramin yatsansa na dama. Na ɗauko wayata mai allurar auna sauti.

"Kawar da wannan, ineng, 'yar jikata. Haƙora na rasa, ba kunne ba."

Gwajin farko ya fito da ƙara kamar an ja kujera. Ya zagi kilarinet, ya sake. Wajen gwaji na goma sautin farko ya zauna daram, na biyu ya bi shi. Na ukun ma ya isa, sai dai bayan bugu biyu numfashinsa ya gaza, sautin ya sulale ƙasa. Muka yi ta yi har inuwa ta kai bakin ƙofa. Bugu biyu, bai ƙara ba.

"Abin da aka koya miki a Manila ke nan? Kiran mai keke?"

"A can cewa ake a ajiye harshe kamar za a ce 'hii', Lolo."

"Shekara huɗu saboda 'hii'." Ya goge bakin kilarinet da gefen rigarsa, a hankali. "Kina son busa wurin nan nawa, ko?"

Na ce a'a. Gaskiya ina so, amma ba bana ba.

Ran Alhamis ya hau tsaf, ɗaya, biyu, uku. Da ya cika bugu biyu a saman, sai ya yanke da kansa tun kafin sautin ya faɗi, ya ɗora kilarinet a cinya yana jiran hukunci. 

Maestro ya daɗe yana kallon takardarsa. Sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi ɗan zane a kai.

"Kowa ya gyara tasa," ya ce. "Bugu biyu ne. Dama huɗun nan sun yi yawa, tuba na kwana. Emong, ɗauko mana daga farko."