'Yar Kwalba Ta Taka Ciyawa

Likitar ta tsayar da yarinyar a kan tebur, ta haɗa mata idon sawu wuri guda, sannan ta zura yatsu huɗu tsakanin gwiwoyinta. Suka shige ba su taɓa ko'ina ba.

"Kin gani? Ƙashin ne bai yi ƙwari ba, shi ya sa ƙafar ta fara lanƙwasa kamar baka. Sau nawa take fita rana a mako?"

Uwar ta murza hannun jakarta. Tela ce, a hawa na uku suke zaune, keken ɗinkinta yana falo, masu ɗinki su suke hawowa su same ta. 'Yarta bakwaini ce, kwana arba'in da ɗaya ta yi a kwalbar asibiti, har dangi suka laƙaba mata 'Yar Kwalba. Tun ranar da aka miƙo mata ita, ba ta fi ɗan tsako ba, ta ɗau alwashin ko ƙuda ba zai sauka a jikinta ba. Ta kuma cika alwashin. Shekara uku saura wata biyu, yarinyar ba ta taɓa ko da ƙurjewa ba.

"Ina buɗe mata taga," in ji uwar.

"Taga ba rana ba ce, Maman yarinya. Ga magani, ɗigo kullum da safe. Amma sai kin haɗa da hantsi, ya taɓa fatarta, ta yi tafiya, ta yi gudu. Ki dawo min da ita bayan wata uku. In bai ragu ba, sai mu yi maganar takalmin ƙarfe."

Takalmin ƙarfen nan shi ya raka ta har gida.

A saman keken ɗinkin akwai wata kalanda da mijinta ya kawo daga maɗaba'ar da yake aiki. Shekararta ta wuce, amma ba a sauke ta ba, saboda hotunan: mashahuran lambuna goma sha biyu na ƙasashen duniya, kowane wata da nasa. Akwai wanda furanninsa suka yi layi-layi, ja da rawaya, kamar an shimfiɗa atamfa. Akwai na farin yashi da aka taje aka dasa duwatsu a ciki. Akwai mai maɓuɓɓugan ruwa a gaban wata fada, da wani mai itatuwan ƙarfe da ganye ya nannaɗe. Yarinyar ta san su duka. Kullum sai uwar ta ɗaga ta ta buɗe mata shafi-shafi, tana riƙe mata hannu tana cewa, "Da ido ake kallo, ba a taɓawa."

Da mijin ya ji abin da likita ta faɗa, ya ce, "Ai ga lambun gari can bayan gidan waya, kyauta ake shiga. Ba irin na kalanda ba ne, amma ranar cikinsa iri ɗaya ce."

"Ka san abin da ke cikin ciyawa kuwa?"

"Na sani. A ciki na girma, ga ni kuma da ƙafafuna a miƙe."

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta haɗa jaka: tabarma, dafaffen ruwa, tsumman goge hannu, maganin shafawa na cizon ƙwari, safa ta canji. Ta sa wa yarinyar riga mai dogon hannu da wando da hula da takalmi sau-ciki, suka hau bas.

Lambun ba wani babba ba ne. Akwai hanyar siminti da ta ratsa tsakiya, da bencina masu ɓararren fenti, da wani tafki da ruwansa ya yi kore. Amma ciyawar a gyare take, furannin bakin hanya kuma sun buɗe. Suna shiga ƙofa yarinyar ta tsaya cak.

"Mama, kalanda."

"Eh, irinta ce. Je ki yi gudu."

Yarinyar ta matsa har bakin simintin, ta tsaya daidai inda ciyawa ta fara, ta mayar da hannayenta baya ta harɗe.

"Shiga mana."

"Da ido ake kallo."

Uwar ta ɗauke ta za ta dire ta a ciyawar. Yarinyar ta naɗe ƙafafunta sama kamar mage a bakin ruwa, ta ƙanƙame mata wuya tana kuka tana cewa ƙasa ƙazanta ce. Wannan ma uwar ta gane maganarta ce. Ba ta san sau nawa ta faɗe ta ba, a ƙofar ɗaki, a matakala, a gidan mutane. Suka ƙare a benci ƙarƙashin inuwa, yarinyar a cinyarta, har lokacin komawa ɗinki ya yi.

Rana ta biyu haka. Uwar ta gwada alewa, ta gwada jefa ƙwallo cikin ciyawar. Yarinyar ta bi ƙwallon da ido har ya tsaya, ta ce, "Ya ɓaci."

A rana ta uku mai lambun ya zo wucewa yana jan mesar ruwa. Tsoho ne gajere, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙafarsa ba takalmi. Ya gaishe su, ya dubi yarinyar sama da ƙasa.

"'Yata, kwana uku ina ganinku. Ba ta da lafiya ne?"

"Rana aka ce ta sha, Baba. Ta kuma yi tafiya."

"To ta ina ranar za ta same ta a cikin wannan buhun? Ni ko shukar da nake ɓoyewa ban taɓa rufe ta haka ba." Ya duƙa. "Amaryata, ba za ki zo ki taya ni ban ruwa ba? Haka za ki bar mijinki yana wahala?"

Yarinyar ta dubi ƙafarsa da ta yi buɗu-buɗu da laka. "Za a yi maka faɗa," ta ce.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Uwar ta sunkuyar da kai, ta ba shi labarin kwalba da na likita da na takalmin ƙarfe, a gajarce, kamar mai ba da awon riga. Ta tambaye shi ko ana fesa magani a ciyawar, ko akwai kunama, ko fasasshiyar kwalba.

"Wancan ɓangaren ba na fesawa, saboda yara. Da hannuna nake tsince shi kowace safiya. Tururuwa dai akwai, ba zan yi miki ƙarya ba." Ya ɗauki mesarsa. "Amma ba ciyawar take kallo ba fa. Tun ɗazu fuskarki take kallo. Ke kin taka?"

Ba ta taka ba. Kwana uku tana tura yarinya ciki, ita tana kan siminti da takalmi.

Da ya yi gaba, ta zauna ta cire takalminta. Ta ajiye su a gefe, a jere. Rabon da tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa tun kafin ta yi aure. Ta taka. Ciyawar a jiƙe take, da sanyi, tana sosa tsakanin yatsu, wani abu kuma ya motsa a ƙarƙashin diddigenta. Fuskarta ta fara yamutsewa, ta tuna ana kallonta, ta sake ta. Ta yi taku biyar ta juyo.

"Mama, kin ɓaci."

"Ban ɓaci ba. Wannan ba ta bango ba ce, wannan ta takawa ce. In mun je gida sai mu wanke."

Ta dawo ta cire wa yarinyar hula, ta naɗe mata hannun riga da wando, ta zare takalmi da safa. Ƙafafun farare sol, kamar ba a taɓa amfani da su ba. Ba ta ɗauke ta ba. Ta koma cikin ciyawar ta zauna dirshan, ba tabarma, ta jira.

An ɗauki lokaci. Yarinyar ta miƙa babban yatsa, ta janye. Ta sake miƙawa. Sannan ta dire ƙafa guda, ta tsaya tana duban uwar, ta kawo ta biyun. Tana tafe tana ɗaga ƙafa sama-sama kamar zakara a cikin taɓo.

Saura taku uku ta iso, tururuwa ta hau mata ƙafa. Hannun uwar ya kai kan jaka da kansa. Yarinyar ta tsaya, ta dubi tururuwar, ta dubi uwar. Uwar ta mayar da hannun cinyarta ta danne shi da ɗayan.

"Baƙuwa kika yi. Ki bar ta, za ta sauka."

Ta ko sauka.

Daga ranar aka sauya tsarin gidan. Masu ɗinki suka koyi cewa ba a samun tela kafin ƙarfe goma. Jakar ta ragu zuwa ruwa da tsumma guda. Maganin cizon ƙwari dai ba ta taɓa barinsa a gida ba, kuma har yau sai ta zaga wurin da idonta kafin ta saki hannun yarinyar.

Da wata uku suka cika, likitar ta sake tsayar da ita a tebur, ta haɗa idon sawun. Yatsu huɗu suka ƙi shiga. Uku suka shiga da ƙyar.

"Ana samun ci gaba. Ku ci gaba da maganin da ranar, maganar ƙarfe mu ajiye ta tukuna." Ta nuna wani ɓawon ciwo a gwiwar hagu. "Wannan fa?"

"Faɗuwa ta yi," in ji uwar. "Tana gudu."

Likitar ta ɗauki biro ta rubuta ranar dawowa.