Kwantirolar Gadon Jariri

Buhun shinkafar ya tashi daga cikin gadon jaririn kamar wanda aka kira, ya faɗo a gindin firiji ya fashe. Injiniya ya yi wuf ya fizge wayar batir. Gadon ya ƙara lilo sau uku, sannan ya tsaya.

Matarsa na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta dubi shinkafar da ta watsu har ƙarƙashin kujeru, ta dube shi.

"Jikan nawa ke nan a warwatse?"

"Gwaji ne. Shi ya sa na sa shinkafa. Kilo huɗu, daidai nauyinsa."

"Ita ma shinkafar ba ta yi maka laifin komai ba."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da injuna a masana'antar kwalabe, shi ya sa har matarsa Injiniya take kiransa. Tun da ya yi ritaya ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, har ya soma gyara waɗanda ba su lalace ba. Ana haka Autarsu ta zo da jaririnta, domin mijinta ya yi tafiyar aiki ta wata biyu. Yaron ba ya barci sai ana jijjiga shi. Da hannu ya tsaya sai ya buɗe ido kamar mai duba ma'aikata. Auta ta rame, idanunta sun faɗa. Jiya gishiri ta zuba a shayi, ta shanye tas ba ta lura ba. Ranar Litinin kuma hutunta zai ƙare, ta koma ofis.

Sai Injiniya ya samo injin waifa, mai goge gilashi, na wata tsohuwar mota, ya ɗaure shi a ƙarƙashin gadon, ya haɗa masa sandar ƙarfe mai turawa da jawowa. Tsakanin batir da injin ya sa kwantirola, ɗan akwati mai maɓallin murɗawa: ka murɗa hagu gudu ya ragu, ka murɗa dama ya ƙaru. Haka takardar ta ce. Shi kuwa ƙarshen hagu ya kai shi, amma ga inda shinkafa ta kwana.

Ya saka tabarau ya buɗe akwatin. Wayoyi uku ne ke shiga bayan maɓallin, kuma biyu na gefe sun yi musayar wuri. Hagu ta zama dama.

"Wa ya liƙa su a juye?" in ji matarsa, tana shara.

"Ba wannan ne abin tambaya ba yanzu."

Ya ɗumama ƙarfen liƙi, ya narka dalma, ya mayar da kowace waya gidanta. Da ya nemi wani buhun, matarsa ta ce ko ƙwaya ɗaya. Dole ya ɗauko kankana, ya kwantar da ita a gadon, har da lulluɓa mata tawul.

Wannan karon gadon bai motsa ba. Injin sai gurnani yake kamar kare mai mafarki. Ya ƙara murɗawa kaɗan, shiru. Ya ƙara, gadon ya zabura sau ɗaya, kankana ta bugi katako. Ya ɗora mita a kan wayoyin da ke fita daga kwantirola. Wuta na hawa da sauka yadda ya murɗa.

"To, kai dai ba ka da laifi," ya ce wa akwatin.

Ya kwance injin. A ciki akwai burushi, 'yan gawayi biyu masu gugar zoben tagulla suna kai wa injin wuta. Ɗaya ya cinye saura ƙiris, tagullar kuma ta yi baƙi ƙirin. Ya goge ta da sanfefa har ta yi ƙyalli. Sannan ya faki ido ya shiga kicin, ya fito da abu a ƙarƙashin riga.

Bayan rabin awa muryar matarsa ta iso falo.

"Injiniya, injin markaɗena ya ƙi tashi."

"Zan duba shi."

"Da safe lafiyarsa ƙalau."

"Haka injuna suke."

Ta leƙo, ta same shi yana goge ɗan gawayi a kan sanfefa don ya shiga ramin injin waifa. Ta gane gawayin injin markaɗenta ne, ta koma kicin, ta bar lissafin sai daga baya.

Da ya haɗa, gadon ya soma lilo a hankali, sumul. Bai gama murmushi ba ya ji ƙauri, gadon ya tsaya. Ya taɓa kwantirola ya janye yatsa. Ta yi zafin da za a soya ƙwai. Ya yanko gutsuren alminiyam daga tsohon faranti ya ɗaure a bayanta, don ya riƙa kwashe zafin. Yana cikin ɗaurewa kukan da ake yi a ɗaki ya fito falo.

"Baba, ya yi?" in ji Auta, yaron na sandarewa a kafaɗarta.

"Saura kaɗan, Auta."

Ta gyaɗa kai, ta zauna a ƙasa jingine da kujera. Hawaye na zubo mata, ko sharewa ba ta yi ba. Uwarta ta karɓi yaron, ta waiwayi tukunyar da ke tafasa, sannan ta dubi mijinta.

"Wanke hannu. Da sabulu."

"Ni? Ai ina tsakiyar..."

"Sau biyu."

Tun zuwan yaron bai riƙe shi ya wuce minti ɗaya ba. Ya soma jijjigawa da sauri, yaro ya ƙara murya. Ya rage sosai, yaro ya fusata. Sai ya yi abin da ya iya: ya kasa kunne, yadda yake sauraren inji, yana ƙarawa yana ragewa.

"Haba abokina, faɗa mini gudun da kake so."

Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙa ta koma numfashi. Ya dubi agogo yana ƙirga: ashirin da takwas a minti. Ya zauna a hankali, ya miƙa hannu ɗaya ya maƙala wayar batir, ya murɗa maɓallin har lilon gadon ya yi daidai da jijjigar da yake yi wa yaron a ƙirjinsa.

Minti goma, minti ashirin. Ya taɓa kwantirola, ɗumi kawai. Kankana na lilo cikin natsuwa. Auta ta yi barci a inda take, baki buɗe. Yaron kuma ya damƙe aljihun rigarsa da 'yan yatsunsa, yana hura masa iska mai ɗumi a wuya.

Matarsa ta fito a kan yatsun ƙafa.

"Ikon Allah, ya gyaru," ta raɗa. "Kawo shi a kwantar."

Injiniya ya dubi gadon. A duk shekarunsa bai taɓa haɗa abin da ya yi kyau haka ba. Ya miƙe ƙafa kamar mai gyara zama, babban yatsansa ya zunguri wayar batir. Gadon ya tsaya.

"Kin gani? Har yanzu yana yankewa."

Ta dubi wayar, ta dubi ƙafar.

"Kafin Litinin dai zai yi?"

"Zai yi. Amma irin wannan matsalar, sai mutum na kusa yana sa ido."

"Haka ne," ta ce.

Ta ɗauko matashi ta cusa masa a ƙarƙashin gwiwar hannu, ta yaye wa kankana tawul, ta wuce da ita kicin.