Fure Huɗu a Ɗakin Ruska

"Tauraro ɗaya," in ji Donka. Ta gyara zaman tabarau a kan hancinta, ta matso da wayar kusa da fuska, tana duba sharhin masu karatu a kan littafin Ruska. "Wannan cewa ta yi: 'Na ɓata hutuna ina karanta shirme. Tsohuwar da ta rubuta wannan ba ta taɓa son kowa ba a rayuwarta.' Har da ɗan hoton mai amai ta liƙa a ƙarshe."

Ruska ba ta motsa ba. Tana kwance a gadon da aka jawo mata jikin taga, bargo har ƙirji duk da zafin watan Yuni, idanunta da suka daina gani sosai tun bara suna kallon rufin ɗaki. Ta ce a ci gaba.

Donka ta ci gaba, kuma ba da ƙyashi ba. Wani ya ce ya jefa littafin cikin murhu. Wata ta ce a hana tsofaffi rubuta wa matasa labari, su je su yi ta saƙar safa. Donka tana karantawa dalla-dalla, tana ba kowane zagi haƙƙinsa, in ta zo wurin da aka rubuta da manyan baƙaƙe sai ta ɗaga murya.

Haka suke yi kullum da yamma. Ƙofar Donka na kallon ta Ruska a hawa na uku na wani tsohon bene a garin Sevlievo, kuma tun da ciwo ya kwantar da Ruska ita ce mai kawo miyar wake da kindirmo, ita ke juya ta, ita ke wanke zanen gado. Ba wanda ya sa ta, kuma duk benen ba wanda zai ce ta yi ha'inci a jinyar nan. A kan waya kaɗai take fanshe haushinta.

Ruska ta yi rayuwarta tana sayar da magani a kemis. Sai da ta ajiye aiki, furfura ta gama cinye kanta, sannan ta zauna ta rubuta littafi don 'yan mata da samari, a kan samodiva, aljanun nan mata masu fararen riguna da kakanni ke cewa suna rawa a bakin ruwa. A labarin, wata yarinya mai suna Iglika ta bi su cikin daji, ɗan sarauniyarsu ya ƙyalla ido ya gan ta, ya ce ita yake so. Matasa suka yi rububin littafin saboda kyakkyawan aljanin nan, kowa na jiran babin da zai cece ta. A babin ƙarshe sai ya kama hannunta suka yi ta rawa har ƙafafunta suka fashe, ruwa ya rufe kanta, shi kuma ya juya ya nemi wata. Ba wanda ya zo ceto. Abin da masu karatu suka kasa yafe wa Ruska ke nan.

Mutanen benen kuwa ba su buƙaci a gaya musu wace ce Iglika ba, sun san 'yar Ruska ce ta cikinta. Hotonta na nan a ƙofar shiga ta ƙasa, a jikin takardar tunawa da mamaci irin wadda ake liƙawa a ƙofofi da jikin bishiyoyi: yarinya 'yar shekara sha shida, gashi a tufke gida biyu. Tun shekarar da ruwan dam ya ci ta, Ruska ba ta taɓa barin bazara ta wuce ba tare da ta buga sabuwa ta liƙa ba. Bana Donka ce ta liƙa mata.

Ba su kuma buƙaci a gaya musu wace ce Pena ba. Pena wata maƙwabciya ce a littafin, mai ɗingishi, mai jera kwalaben barkonon tsami a taga, wadda ta ga fitar yarinyar, kuma ana cikin nemanta ta bi gida-gida tana raɗa cewa ai soja ta bi. Donka na ɗingishi tun tana budurwa. Kwalabenta na nan a taga har yau. Maganar soja kuwa ta faɗa, amma a ganinta abin da kowa ke tunani ne a lokacin, ita dai bakinta ne ya riga na kowa. Yanzu yaran da ba su taɓa ganinta ba suna zana Pena da bakin kwaɗo suna yaɗawa. Gencho mai kanti in ya hango ta sai ya washe baki ya ce, "A'a, Pena, yau wa ya bi soja?" Jikarta da ke Jamus ta bugo waya takanas tana dariya, wai Kaka da gaske ke ce. Abin ya ci ran Donka ƙwarai, kuma ba ta taɓa furta wa Ruska ko kalma ɗaya a kai ba.

Masu yabon littafin suna nan, ba kaɗan ba. Akwai masu tauraro biyar, akwai waɗanda suka ce sun yi kuka har suka kasa cin abinci. Babban yatsan Donka ya ƙware wajen tsallake su.

Ita Ruska zagin bai cika damunta ba. Abu ɗaya take jira, kuma kullum sai ta tambaya kafin a ajiye waya. Donke take kiran maƙwabciyarta, ita kuma ta ce mata Ruske.

"Donke, ba wanda ya ce komai a kan yarinyar? Ba ni ba, ita. Ba wanda ya ji tausayinta?"

"Abin da na gani shi nake karanta miki, Ruske. Ko in ƙaro da nawa?"

Sai Ruska ta ce a'a, gobe a sake dubawa. Lokacin da Iglika ta mutu, maganar soja ta riga gawar isowa gari, mutane suka zo jana'iza suna kallon juna ta wutsiyar ido. Uwar ta riƙe wannan shekara da shekaru. So take kafin ta tafi ta ji cewa mutum ɗaya, ko a ina yake, ya yi wa 'yarta kukan da ba gulma a cikinsa. Donka ta san haka sarai.

Ranar Asabar da hantsi Donka ta dawo daga kasuwa da jakar tumatir, ta tarar da wata yarinya tsaye a ƙofar ƙasa, ta ƙura wa takardar Iglika ido. Gashinta rabi kore ne, da ɗan ƙarfe a hanci, ta goya jaka. Ta rungume littafin da ya sha karatu har bangonsa ya naɗe, a ɗaya hannun kuma fararen furanni. Hawaye take yi, ba ta ko sharewa.

Ta ce sunanta Desislava, daga garin Burgas ta taso a motar safe. Ta ce ba ta san Iglika mutum ce ta gaske ba sai da wani ya saka hoton ƙofar nan yana ba'a, tun ranar ta kasa sukuni.

"Yayana ma ruwa ne ya ci shi, lelya," ta ce wa Donka, da kiran girmamawar da yara ke yi wa sa'ar uwa. "Duk littafin da na karanta sai a dawo da mutum a ƙarshe. Wannan ne kaɗai bai yi min ƙarya ba. Don Allah ko minti biyu ne, in gaya mata kawai in tafi."

Donka ta dubi matakala, ta dubi yarinyar, har ta sauya wa jakar tumatir hannu don ta laluba mabuɗi. Yarinyar ta ja hanci ta yi ɗan murmushi, ganin an sake mata fuska.

"Ke maƙwabciyarta ce? To ita Pena fa, akwai ta da gaske? Wallahi da zan gan ta sai na tofa mata yawu."

Donka ta mayar da mabuɗin aljihu. Ta ce Pena ta daɗe da mutuwa. Ta ce likita ya hana kowa shiga, mara lafiya barci take, kuma ba a san lokacin da za ta farka ba. Yarinyar ta yi magiya, ta ce za ta jira a kan matakala. Donka ta ce nan ba tasha ba ce. Daga ƙarshe yarinyar ta miƙa mata furannin da hannu biyu.

"Na Iglika ne, shi ya sa na sayo huɗu. Ki ce mata an kawo wa Iglika."

Donka ta karɓa. Ta tsaya har sai da koren kan ya sha kwanar kantin Gencho, sannan ta fara hawa, a hankali yadda take yi kullum don kada a ga ɗingishin.

Ƙamshin ne ya fara isa wurin Ruska. Ta juyo da kai, ta ce me take ji haka. Donka ta ɗora mata furannin a kan bargo. Yatsun Ruska suka bi karan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kowace mace a ƙasar za ta yi ko ba ta yi niyya ba, don ko yaron goye ya san mai rai adadin mara ake kai masa, uku ko biyar, adadin cika kuwa, biyu ko huɗu, sai kabari. Ta kai ƙarshe, ta dawo ta sake bi.

"Huɗu ne," ta ce. "Wa ya kawo?"

"Wata cikin masu karatunki. Tun daga Burgas."

"Ta ce na wa?"

Donka ta juya tana neman kwalbar da za ta zuba ruwa. Ta ɗauko ɗaya cikin nata na barkono da ta kawo miya a ciki jiya, ta ɗauraye.

"Ta ce in ba ki."

Ruska ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari, ta ce ashe sun gaji da jiran mutuwarta. Da yamma Donka ta ɗauko waya kamar kullum, Ruska ta ce ta bar shi. Ba ta yi tambayarta ba ranar, ta juya fuska ga bango, miyar ma ba ta taɓa ba.

Donka ta koma ɗakinta tana jin abin da ta daɗe tana nema, kuma bai yi daɗin da ta zata ba. Ta ce wa kanta kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba. Ita ta yi wata da watanni ana kiranta Pena, Ruska ta ɗanɗana na yini guda, gobe sai ta gaya mata gaskiya, har ta karanto mata masu tauraro biyar ɗin.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta shiga, ta tarar numfashin ya sauya. Ta zauna a bakin gado, ta kama hannun da ya koma kamar kara.

"Ruske, furannin nan..."

"Bar su, Donke." Muryar da ƙyar take fita. "Kar ki cire ko ɗaya. Za su yi amfani."

"Ba haka ba ne. Tsaya ki ji. Yarinyar cewa ta yi na Iglika ne. Ta yi kuka, na gani da idona."

Leɓen Ruska ya ɗan motsa. Ta shafa bayan hannun Donka da babban yatsa, kamar mai lallashin yaro.

"Kina da kirki," ta ce. "Amma ba ki iya ƙarya ba. Ba sai kin ƙaro da naki ba."

Donka ta rantse da giciye, ta rantse da jikarta, ta lalubo waya ta fara karanto yabon da ta tsallake, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi. Ruska ta lumshe ido. Ko tana ji ko ba ta ji, ba ta ƙara magana ba. Washegari da safe, ana ɗan yayyafi, rai ya yi halinsa.

Donka ce ta rufe madubai bisa al'ada, ita ta dafa alkamar sadaka da sukari da gyaɗar goro, ita ta kunna kyandir a gefen kai. Kafin fadan coci ya iso labari ya bazu a waya. Waɗanda suka yi zagi suka koma suna ƙara taurari, suna saka hoton baƙar zuciya na ta'aziyya, suna cewa ba a taɓa marubuciya kamarta ba. Yarinyar da ta liƙa hoton amai ta rubuta cewa littafin ya sauya mata rayuwa. Gencho ya zo da baƙar riga, ya ci alkama cokali biyu, ya ce wa Donka samun maƙwabciya irinta sai an tona. Bai kira ta Pena ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta sauka ƙasa da sabuwar takarda da gam. Ta liƙa hoton Ruska dab da na Iglika, ta bi gefunan da tafin hannu har suka kwanta. Sannan ta sake hawa, ta sauko da kwalbar barkonon, ta ajiye a kan dakalin da ke ƙarƙashin takardun biyu. Ɗaya daga furannin ya fara sunkuyar da kai. Ta tallafe shi da yatsa ta jingina shi da sauran ukun, ta tsaya riƙe da shi, ruwan yayyafi na ɗiga daga bakin rufi cikin kwalbar.