Mai Tsayuwa a Bakin Ƙofa

…kuma har yanzu sun yi mini yawa, Dogo. Tsumma bibbiyu na cusa a ciki, amma ƙafata sai yawo take kamar cokali a tukunya. Takalmanka. Shekara ashirin da ɗaya suna ƙarƙashin gadona cikin leda, yau ga su a ƙafar uwarka, a wani ɗaki da aka manne wa soso tun daga ƙasa har rufi, wai don kada ƙarar waje ta shigo. Ba taga. Gilashi ne guda, bayan gilashin kuma ɗanka, Kunnuwa, ya toshe kunnuwan nan nasa da wasu faifai yana ɗaga mini hannu.

In taka, ke nan.

Katako uku suka shimfiɗa mini, makirfo ya sunkuyo kamar kaza mai neman tsaba. Dama tukuna — ƙwas. Sai hagu… ita ba a ɗaga ta, jan ta ake. Tun da ka faɗo daga ginin nan, kai da bokitin siminti, ba ta ƙara yarda ta rabu da ƙasa ba. Ƙwas… shaaa. Ƙwas…

“Kaka, ki ɗan rage sauri.”

Ji mini yaro. Ni zai koya wa tafiyarka? Ni da nake gane ka tun daga bakin layi, in sauke tukunya kafin ka yi sallama?

Aikinsa ke nan fa, in ba ka sani ba. Wasan kwamfuta suke ƙerawa, irin na ban tsoro. Mutum da hankalinsa ya zauna a tsorata shi, ya tashi yana godiya… duniya. Su bakwai ne a ofishin, kowa da nasa: wannan na zana bango, wannan na kunna fitila, shi kuma aka ba shi mugun. Shi zai ƙera abin da za a guda. Makon jiya ya zo mini da rana, ya cinye abincina tas, mijin nawa da ba ya cefane, yana suɗe hannu yana yi mini karatu. Wai dodo mai haƙora ya tsufa. Wai jini ba ya tsorata kowa yanzu. Wai mugun da ya fi shiga rai shi ne wanda ba ya yin komai — ya zo, ya tsaya a bayan ƙofa, ya yi shiru. Ba ka san me yake so ba. Sai ya juya.

Mai Tsayuwa. Sunan da ya raɗa masa ke nan.

Wai sun gwada mutum huɗu, ba wanda ya iya takun. “Ba Baba ba ne fa, Kaka, tafiyarsa kawai na ara.” Wa yake yi wa ƙarya? Ni da na wanke masa kashi? Amma na ce to. Kafin ya rufe baki na ce to. Don ya ce in an gama za a sa mini in ji… in ji ka kana tahowa. Kwaɗayi, Dogo. Kwaɗayin kunne ya kawo ni, ba taimako ba.

Ƙwas… shaaa. Nan zan tsaya, inda suka manna farin tef. Ya ce in tsaya cak, kada in yi ko numfashi, sai ya sauke hannu. Wai shirun ma ɗauka suke. Wai shirun ne gishirin abin.

Shirun…

Hankicinka ne a cikin bahon wanki, ja a tsakiyar kumfa. Likita na magana bai ko dube mu ba: tarin nan ne mai yaɗuwa, wata shida na magani, a raba kwano, a raba ɗaki. Yaron kuwa — ya ɗago a nan — yaron da aka haifa da raunin ƙirji, kada ya kusance shi ko da wasa. Muka mai da kai ɗakin ƙarshe, kusa da sito. Uwarsa tana shagon ɗinki daga safe har yamma. Ni ce da shi. Shekara biyar, ƙafa kamar ta ɓera. In juya in ɗauko gishiri, ya ɓace. In same shi a kan cikinka yana ja maka gemu. Na lallasa. Na ba shi alewa. Na ɗaure ƙofa da zani. Ranar da na kama shi da kofinka a baki…

Me zan yi? Ka gaya mini, me zan yi?

Na ce maka yaro ba ya jin lallashi, tsoro yake ji. Ka daka masa tsawa sau ɗaya, mai kyau. Ka ce Inna ba zan iya ba. Na ce to zaɓi: ya ji tsoronka, ko ka kai shi makwanci da hannunka. Haka na faɗa, ban tauna ba. Bakina bai taɓa iya kwana-kwana ba. Washegari ya shigo da gudu yana Baba, Baba — ka ɗauki kofin ka maka a bango. Muryar da ta fito daga bakinka ban san ta ba. Ya tsaya. Fitsari na bin ƙafarsa. Kai kuma ka juya fuska ga bango, kafaɗunka na rawa.

Ya yi aiki. Ai ya yi aiki. Ni kuma na riƙa yi wa abin ban ruwa kullum: ga Babanka nan, shige ɗaki. Ka yi shiru kada Babanka ya ji. Wata shida ne kawai, na ce, in ka warke ka saya masa ƙwallo ku shirya, yaro ai mantuwa gare shi…

Wata shida ya zama goma sha ɗaya. Ba a sayi ƙwallon ba.

Kunnuwa ya sauke hannu. Yana tafa mini ta bayan gilashi, bakinsa har kunne. Kai ne sak in ya yi haka, har wushiryar. Ya zo ya kama ni kamar ƙwai, ya zaunar da ni a kujera mai juyawa, ya ɗora mini faifan a kunne. Sanyin na’urar ofishin nan na shiga mini gwiwa. Ban cire takalman ba. Bai lura ba.

Duhu a allon kwamfutar. Ɗaki, gado, ƙofa. Haske siriri a ƙarƙashin ƙofar.

Ƙwas…

Wayyo. Dogo.

Ba ni ba ce. Na san ƙafata ce, yanzun nan na taka, amma ba ni ba ce — ya yi wa sautin wani abu, ya ƙara masa nauyi, ya nisanta shi, yana tahowa daga hagu, daga can wajen sito… shaaa… Kai ne. Ƙarfe biyu na rana, gida ya yi tsit, na kwantar da yaron barcin rana, ina tsintar shinkafa a tsakar gida. Ka fito kana dafa bango. Ka wuce ni ba ka ce komai ba. Ka tsaya a ƙofarsa, taku ɗaya baya, yadda likita ya ce. Ka danna tsumma a baki, ka danne tarin, jijiyar wuyanka kamar za ta tsinke, don kada ka tashe shi. Numfashinsa kake saurare. Shi ke nan abin da ya rage maka na ɗanka. In ƙirjinka ya kasa, ka juya da sauri ka je can ka amayar da tarin a sito.

Mu duka mun ɗauka barci yake.

Ashe idonsa biyu. Ya gaya mini makon jiya yana dariya, yana sakace haƙori: wai yana jin takun sai ya ja mayafi ya riƙe numfashi, don kada ka san yana ciki. Shi ne ma dokar wasan. Ga abin dannawa ya sa mini a hannu: in takun ya tsaya, ki danne wannan, yaron cikin wasan zai riƙe numfashi. Ki riƙe har ya tafi. Wancan ja kuwa na buɗe ƙofa ne, kada ki taɓa, in kin buɗe kin faɗi.

Kai a waje ka riƙe naka. Shi a ciki ya riƙe nasa. Kana kasa kunne kana neman numfashin da yake ɓoye maka… Shi ya sa wani lokacin kake dawowa ka ce Inna, leƙa mini shi, ban ji motsinsa ba? In leƙa in ce lafiya lau, barci yake. Ni da idona. Abin da babba ya hango, wai…

Na danna jan.

Ƙofar ta buɗe. Wani dogon abu toka-toka, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Inda fuska za ta zauna, babu komai — sumul, kamar bangon da ka shafe da siminti. Allon ya mutu.

“Kin faɗi, amarya. Ja na ce kada ki taɓa.”

Ina fuskar? Wai ba a gama ba. Wai ya zana ya goge ya fi sau talatin. Hoton da ke bangon ɗakina ya ɗauka a wayarsa, amma mutumin hoton dariya yake. “Wanda na sani ba ya dariya, Kaka. Na kasa haɗa su.” Ya faɗa yana kallon allo, yana murza kunnensa, yadda yake yi tun yana ƙarami in kuka na kusa. Jibi za su rufe aikin. Ko da fuska ko babu. Daga nan ya shiga duniya, mutanen da ba su taɓa cin gishirinka ba su riƙa ɓuya suna tsine maka, a ƙasashen da ban san sunansu ba.

Yana cewa shi ya ƙera mugun nan. Wata takwas yana fama. Yaro, an riga ka. Wata tsohuwa ce ta ƙera shi a tsakar gida da tiren shinkafa a cinya, ba kwamfuta, ba makirfo… kai kwafa kawai ka yi.

Me ya hana ni faɗa? Bayan rasuwarka uwarsa ta tafi da shi wajen danginta. Da ya dawo ya fi ni tsawo. Na ce ya manta, kada in tono. Ƙarya. Tsoro nake. Yaron nan ni yake gudowa in ya ji takunka, bayan zanina yake ɓuya. Ni ce mai daɗin. Na karɓe rabonka na haɗa da nawa, na ci shekara ashirin da ɗaya… In na faɗa, da wane ido zai dube ni? Kuma zai goge takun. Na san shi. Ba zai bar ubansa a bakin ƙofar nan ba, zai danna wani abu, shi ke nan, ka sake tafiya.

Sake sa mini. Sau ɗaya.

Ƙwas… shaaa… Taho, ɗana. Taho a hankali, kada ka gaji. Ga inuwar ƙafarka a ƙarƙashin ƙofa. Taku ɗaya baya. Har wannan ya tuna, bai san me ya tuna ba.

Ja.

Sake.

Ja.

Ya daina dariya. Ya jawo kujerarsa, ya zare mini faifai ɗaya daga kunne. Idonsa ya sauka kan takalman, ya daɗe a can.

“Kaka… me ya sa kike ta buɗe masa?”

A kunnen hagu kana tahowa. A na dama ɗanka na jira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sani, na sani, bari dai ya iso, bari ya tsaya tukuna… Ga shi ya tsaya. Shirun nan. Bakina a buɗe yake, Dogo, iskar ce ta ƙi fita — ashe ni ma tun ranar nake riƙe da nawa…