Jifan Fulera

Ba a gama kwashe itatuwan da guguwar Oktoba ta tumɓuke a dandalin Russell Square na Landan ba aka kira Maharazu a wayar ofishin sashensu. Shekarar 1987 ce. Bazazzagi ne, yana karatun digiri na uku kan nahawun Hausa a wata kwaleji da ke Bloomsbury, yana kuma taimakawa wajen koya wa 'ya'yan Turawa gaisuwa da karin harshe. Sakatariya ta miƙo masa kan wayar, ta ce 'yan sanda ne daga Peckham, tafinta suke nema.

Bai so zuwa ba, don yana da aji da yamma. Amma aka ce tsohuwa ce, tun safe take kuka, babu mai jin abin da take faɗa. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya hau bas.

Ɗakin da aka shigar da shi ba shi da taga, sai warin taba da shayin da ya huce. Sajan Hollis, wani ƙaton Bature mai jajayen idanu, ya yi masa bayani a tsaye. Jiya da rana wata mata mai suna Fulera ta faɗo daga barandar flat ɗinsu na gidajen ƙaramar hukuma, hawa na uku. Abin da ya cece ta shi ne tarin rassan da ma'aikata suka jibge a ƙasa bayan guguwa. Ta karye a ƙugu, kanta ya fashe, har yanzu ba ta farfaɗo ba. Mijinta Abukari, direban ƙaramar motar haya da ake kira minicab, ya ce shi dawowa ya yi ya tarar da mutane sun taru. Tsohuwar kuwa uwar Fulera ce, Amamata, daga zangon Kumasi ta zo, ba ta daɗe a Landan ba.

Tana zaune a takure, mayafinta ya jiƙe da hawaye. Maharazu ya russuna ya gaishe ta.

"Mma, sannu da haƙuri. Ni ɗanki ne. Abin da kika faɗa shi zan gaya musu, ba ƙari."

Ta ɗago ta dube shi, ta damƙe hannunsa da hannuwanta biyu. Hausarta ta mutanen zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne.

"Abukari ne," in ji ta. "Shi ya jefe shi. Shi ya jefe Fulera."

Maharazu ya juya ga Sajan ya ce, "She says he threw her."

Hollis ya ajiye sigarinsa. Ya ce a tambaye ta ko ta gani.

"Ido na ya gani!" Amamata ta ɗaga murya tana dukan ƙirji. "Wallahi ido na ya gani!"

Daga nan kuka ya ci ƙarfinta, ta zame daga kujera har sai da wata 'yar sanda ta tare ta. Hollis ya ce ya isa haka, ya sami abin da yake nema. Kafin Maharazu ya fita daga ginin ya ji ana ba da umarni a je a kamo Abukari.

Sai da bas ya haye kogi sannan abin ya fara damunsa. Shi da ya kwashe shekaru yana rarrabe ƙarshen aikatau, yau kunnensa ya ji abu ɗaya, bakinsa ya faɗi wani. Tsohuwar ba ta ce "jefa" ba, ba ta ce "jefo" ba. Cewa ta yi "jefe". Ana jefa mutum a rijiya, ana jefo shi daga bene. Amma in an jefe shi, ko dai da dutse ne, ko da abin da ba a gani. Ya shiga aji ya koyar, ya rasa abin da ya koyar.

Washegari ya nemi asibitin da aka kai Fulera. Ya sami Amamata a kan benci a bakin ɗakin da aka kwantar da 'yarta, tana jan carbi. Ya zauna kusa da ita.

"Mma, lokacin da Fulera ta faɗo, kina ina?"

"Ina kasuwar Rye Lane. Na je sayen doya."

"To me idonki ya gani?"

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata laya baƙa, an ɗinke ta da jan zare. Ta ce a ƙarƙashin katifar Fulera ta same ta. Tun zuwanta take ganin 'yarta tana ramewa, ba ta barci, in ta ci abinci sai ta amayar, in mijin ya sa makulli a ƙofa sai jikinta ya hau rawa. Wani lokaci ta tsaya a baranda ta ƙura wa ƙasa ido, a kira ta ba ta ji. Mutum lafiyayye ba ya haka. Jifa ne, kuma ta san wanda ya yi.

Maharazu ya koma wurin Hollis a ranar. Ya ce masa kuskure ya yi, kuma nasa ne, ba na tsohuwar ba.

"Kai ka ce threw," in ji Hollis. "Da kunnena na ji."

"Na faɗa. Amma throw ɗinku ba ta ɗauki abin da take nufi ba. Ku kuna throw ƙwallo, kuna throw party, mara lafiya yana throw up, ɗan dambe yana throw faɗa in an saye shi. Duk wannan kuna yi da ita, amma ba ku throw asiri. Da wata kalmar kuke yi, cast. Ita ma ai jifa ce. Cewa take ya yi wa 'yarta sihiri. Ba ta ma gidan lokacin."

Hollis ya murza idanunsa da yatsu.

"Sihiri," ya ce. "To shi ke nan. In na kai wannan kotu, alƙali zai throw ɗinsa out kafin in zauna." Ya buɗe ƙofa, ya tsaya. "Ka san akwai shaidar yatsu a damatsanta biyu? Likita ya ce wataƙila na masu ɗaukarta ne. Wataƙila. Mutumin nan bai kwanta mini ba, Mister Maharazu. Amma sheda ɗaya gare ni, kai kuma ka zo ka karɓe ta."

Da yamma aka saki Abukari.

Bayan kwanaki Fulera ta farfaɗo. Tana jin Turanci sarai, ta yi shekaru tana aikin share ofisoshi, amma da Hollis ya zo sai ta ce ita da Hausa za ta yi magana. Aka sake kiran Maharazu.

A nan ya fara ganin Abukari. Ɗan siriri ne, fes da shi, da jaket na fata da ƙamshin turare. Yana zaune a gefen gado yana ba matarsa shayi da cokali, yana goge mata baki. Da aka gaya masa ko wane ne Maharazu, ya miƙe ya rungume shi.

"Malam, kai ka fitar da ni! Allah ya saka. Ba zan manta da kai ba, wallahi ba zan manta ba."

Hollis ya ce Abukari ya jira a waje. Ya fita ba musu, ya tsaya a bayan ƙofa, fuskarsa ta cika ɗan gilashin da ke jikinta.

An naɗe kan Fulera da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Ba ta dubi kowa ba, rufin ɗakin take kallo.

"Faɗuwa na yi," ta ce. "Shanya nake kwashewa, jiri ya ɗebe ni."

Maharazu ya fassara, a hankali wannan karon, kalma bayan kalma. Hollis ya juya tambayar ta nan, ya juya ta can. Amsar ba ta canza ba. Ya sa biro a aljihu ya fara gyara kwat.

Sai Maharazu ya ji an kama bakin hannun rigarsa. Leɓunanta da ƙyar suke motsi.

"Malam, kai da ka san Turanci. Kada ka gaya masa, tambaya ce kawai. In mutum ya ce zai throw ɗinka out, ta ƙofa ake nufi, ko?"

"Haka ne. Kora ake nufi. A fitar da mutum daga gida."

"Haka ni ma na ɗauka," in ji ta. "Kullum yana faɗa. Har jakata na haɗa."

Ta saki rigar.

"Me ta ce?" Hollis ya tambaya.

Maharazu ya dubi ƙofa. Abukari yana murmushi ta gilashi, har ya ɗaga masa hannu. Ya dubi matar da ta ce kada ya faɗa. Ya tuna abin da ya gaya wa uwarta a ɗakin nan mara taga.

"Ma'anar wata kalma take tambaya," ya ce. "Throw out."

Hollis ya dawo bakin gadon ya sunkuya. Ya yi mata magana da Turanci, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ba wanda zai taɓa ta in ta faɗi gaskiya. Fulera ta rufe idonta mai lafiya.

"I fell," ta ce.

Hollis ya miƙe, ya gaya wa Maharazu cewa tambaya kan nahawu ba sheda ba ce, ya fita. Abukari ya shigo ya ɗauki cokalinsa.

Maharazu ya sami Amamata a masallacin asibitin, wani ɗan ɗaki da aka shimfiɗa wa darduma. Ya gaya mata duk abin da ya ji. Ya zaci za ta yi kururuwa. Sai ta ci gaba da juya carbi.

"Ni na ce shi ne," ta ce daga baya. "Kai ka je ka ce ba shi ba."

"Mma, ba haka na ce ba. Cewa na yi ba ki gani ba."

"To yanzu kai ka gani?"



Akwai wata 'yar ƙanwar Amamata mai suna Katumi da ke aure a Barking, wadda Abukari bai san gidanta ba. Ranar da za a sallami Fulera, wata nas ta taimaka aka sallame ta da safe, alhali an gaya wa mijin sai la'asar. Maharazu ne ya tura keken marasa lafiya har bakin titi, shi ya tare baƙar tasi, don bai yarda a kira minicab ba. Gidan Katumi suka nufa. Duk motar da ta daɗe a bayansu sai Fulera ta juya ta dube ta. A ƙofar gidan Katumi, Amamata ta sa masa albarka a gajarce, ta shige, aka sa sakata.

Sanyi ya shigo sosai. Tun kafin magariba gari yake yin duhu. Wata rana Maharazu ya fito daga laburare, ya ga wata Datsun ruwan toka a fake inda ba a fakin, injinta na aiki. Gilashi ya sauka.

"Malam! Shigo in rage maka hanya."

"Na gode, Abukari. Kusa nake."

"Na sani ai." Yana murmushi, hannu ɗaya a kan sitiyari. "Malam, iyalina sun ɓata. An yi discharge ɗinta ba a gaya mini ba. Wani nas ya ce wani ɗan Najeriya mai gilashi ne ya tura keke."

"Ban san inda suke ba."

"To. Ai malami ba ya ƙarya." Ya gyara madubin mota, ya dubi kansa a ciki. "Hostel ɗinku yana da kyau. Hawa na huɗu kake, ko? Taga na ƙarshe. Kullum a buɗe, ko sanyi ba ka ji. Ka riƙa rufewa, Malam. Garin nan iska gare shi."

Maharazu ya kama tafiya. Motar ta biyo shi a hankali, daidai kafaɗarsa, har kwanar da ba a shiga da mota. Bai waiwaya ba sai da ya shiga hostel, ya jingina da bango.

Ya kira Hollis. Sajan ya saurare shi har ƙarshe, ya tambaye shi ainihin kalmomin da mutumin ya yi amfani da su. Da ya ji, ya ce babu dokar da ta hana a ba mutum shawara ya rufe taga. Amma ya ce zai je ya yi magana da shi, kuma ya je. Motar ta ɓace na ɗan lokaci, sannan ta dawo.

Maharazu ya roƙi mai kula da hostel aka mayar da shi wani ɗaki a ƙasa, kusa da kicin, mai ƙarafa a taga. Ya daina zuwa sayen kayan miya Peckham. Barking kuwa bai sake taka ta ba, ko jirgin District line mai zuwa can bai ƙara hawa ba, don kada ya ja wa gidan Katumi abin da ke bin sa. Da aka sake kira daga wani ofishin 'yan sanda ana neman tafinta, ya ce wa sakatariya ta ce ba ya nan.

Da bazara Katumi ta yi masa waya a sashen. Ta ce Fulera ta fara takawa da sanda, kuma ita da Mma sun tashi zuwa Accra, daga can za su wuce wani gari da ba ta faɗa ba. Ya yi hamdala, ya ajiye wayar, ya je bakin tagar ofis. Datsun ɗin tana can ƙetaren titi, ƙarƙashin wata bishiya da ta fara toho. Abukari ya kwantar da kujera yana cin gyaɗa, yana zubar da ɓawon a ƙasa. Ba wanda ya gaya masa sun tafi. Maharazu ya tsaya yana tunanin ko ya sauka ya gaya masa, ko kuwa gara ya ci gaba da zama a nan, inda ake ganinsa.