Tagar Ɗakin Badujala

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, sai busa sarewa a layin baya na 'yan badujalar makarantarmu. Amma abin nan ya tsaya mini a rai.

Malamin kiɗa yana da wata al'ada. Yakan juya mana baya ya fuskanci tagar gilashi, mu kama busa, ɗayanmu ya kauce wa kiɗan da gangan. Sai ya ɗaga sanda ya ambaci wanda ya kauce. Daga nan mu ma mu gwada, bi da bi.

"Kunne ba ya kara," in ji shi kullum. "Abin da ka ji, faɗe shi, ko ubanka ne ya busa."

Shi ya koya mini saurare, da sauraren kuma na gano shi. Tun bara yake magana kamar mai kiran wani a hayin kogi. A kaɗa ƙararrawa, ya ci gaba da bayani. Ranar da layi ya zo kaina na tsaya inda yake tsayawa, sai ga ajin gaba ɗaya a cikin gilashin. Da wani ya kauce, kowa sai ya waiga ya dube shi. Ashe da ido Malam yake ji.

Dogo mai ƙaho ma ya gano, kuma bai manta cire shi da Malam ya yi daga fareti ba.

Rannan shugaban makaranta ya shigo da wani saurayi wanda ake raɗe-raɗin shi zai gaji Malam. Muka tarar Dogo ya wangale tagar.

"Zafi ake yi, Malam," ya ce, har da russunawa.

Malam ya dubi tagar, ya dubi Dogo, ya juya. Babu komai a gabansa sai filin ƙwallo.

Muka busa. Dogo ya saki wata ƙara kamar an taka wutsiyar akuya. Sandar ba ta motsa ba. Gumi ya gangaro ta ƙeyar Malam ya shige wuyan rigarsa. Shugaba ya dubi saurayin, saurayin ya dubi takalminsa.

"A sha ruwa a sake," in ji shugaba. "Sannan ina son jin ta bakin yarinyar nan da aka ce ta fi kowa kunne."

Ni yake nufi. Dogo ya sunkuyo kaina, ya kira ni da sunan da suka laƙaba mini. "Tabarau, kin ji dai. Kunne ba ya kara."

Aka yi waje wajen famfo. Malam kaɗai ya rage, yana goge sandarsa da gefen riga, bayansa gare ni. Na lallaɓa na jawo tagar, ƙarfenta ya yi ƙara, na danna sakata.

Bai waiwayo ba.

Na sa sarewata a jaka, na bi ta bayan ɗakin karatu tun kafin su dawo a tambaye ni abin da na ji.