Mama Ta Ba da Shaida

Da aka rufe masaƙar da yayana Albert yake aiki a Kakuri, ba shi kaɗai aka sallama ba. Rabin mazan layinmu suka dawo gida da rana tsaka. Lokacin sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau mulki, hotunan 'yan takara kuwa na nan manne a bangon masaƙar, suna mana murmushi da alkawarin aiki. Maza suka bazu neman abinci: wani acaɓa, wani gadi, wani ya koma ƙauye noman citta. Yaya Albert ya shiga ɗaki ya ja labule.

Da farko mun ɗauka gajiya ce. Sai wata ya wuce, wani ya biyo. Mutumin da ke cinye tuwo malmala uku, ya koma tsakura ya ture kwano. Barci ya ƙaurace masa, amma tashi daga katifa ya gagare shi. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya yi shiru a kan taga. In an yi baƙi, sai ya juya fuska bango.

Kowa a layin ya zama likita. Wannan ya ce lalaci ne, wancan ya ce jifa ce daga ƙauye. Kawunmu ya leƙa ɗakin ya ce, "Kai, namiji ne fa kai! Tashi ka wanke ido." Babu wanda ya ce ciwo ne, don babu jini, babu zazzaɓi. Mu mutane ne da sai mun ga gawa muke yarda an yi jinya.

Ina makarantar koyon aikin jinya a lokacin, na kuma san sunan abin: ciwon damuwa. Amma ban tsorata sosai ba sai ranar da na kai masa koko ya dube ni ya ce, "Christy, da babu ni da kun huta."

"Yaya, tashi mu je asibiti."

"Wane asibiti?"

"Barnawa."

Ya yi wata dariya marar daɗi. A Kaduna, in ka ce za a kai mutum Barnawa, ka gama zaginsa, don can asibitin ƙwaƙwalwa yake. Na yi ta magiya har muryata ta dushe. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji, daga ni sai Mama. Mama ta dafa ƙirji ta ce, "Haba ɗana, ni da na haife ka? Cikina ba na tuwo kaɗai ba ne."

Likitar da ta gan shi ba ta yi gaggawa ba. Ta bar shi ya yi magana, ya yi shiru, ya sake yi. Ta ce masa ciwo ne kamar hawan jini, rashin aiki na iya tayar da shi, rashin wani naka na iya tayar da shi, wani lokaci ma ba a ganin dalili. Ta ba shi ƙwaya, ta ce sai an yi makonni kafin ya ji sauƙi, in ya ji kuma kada ya kuskura ya daina sha sai ta ce. Ta sa masa ranar Alhamis ya riƙa zuwa su tattauna. Duk wannan na maimaita wa Mama da bakina, tana gyaɗa kai.

Sauƙin ya zo a hankali. Wata safiya na ji shi yana tambayar ko akwai ragowar miyar karkashi. Ya aske gemu. Oga Cyril, wani bakanike a Sabon Tasha, ya ɗauke shi yana masa gyaran wayar mota, har yana yabonsa: "Wannan yayan naki, hannunsa akwai albarka, ba wasa."

Ana haka Lahadin godiyar kaka ta zo. Majami'a ta cika maƙil, an jera doya da kaji da buhunan masara gaban bagade. A al'adar majami'armu, ranar ake ba da shaida. Duk wanda Ubangiji ya kuɓutar daga wani ƙangi, sai ya fito ya faɗa, in yana da laya ko guru ya jefa a kwando, a ƙone a bayan majami'a. Matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'a, suna kiɗa da tulu, cikin zanensu iri ɗaya, sai na ga Mama ta miƙe tana rawa zuwa gaba, Maman Tagwai, Uwar Zumunta, na riƙe da hannunta.

"Yabo ga Ubangiji!"

"Halleluya!"

"Jama'ar Allah, kun ga ɗana Albert can? Shaiɗan ya taɓa masa kai. Har Barnawa muka je da shi!"

Majami'a ta ɗauki "Ayya!" Kawuna suka juya gaba ɗaya zuwa bencin maza. Yaya na zaune cikin farar rigar da ya goge da kansa da safe.

Mama ba ta tsaya ba. Ta kwance bakin zani ta ɗaga fakitin maganinsa sama, kowa ya gani. "Suka ce sai ya yi ta shan wannan. Amma mu a Zumunta mun yi azumi a kansa tun daga farko, Likitan likitoci kuwa ya gama aiki!" Ta jefa fakitin cikin kwandon layu. Guɗa ta tashi.

Tun daga farko. Ashe duk lokacin da muke saɗaɗawa kamar ɓarayi, matan layinmu sun sani, suna ambaton sunansa a addu'ar kowace Talata.

Yaya bai motsa ba. Hannuwa suka yi ta sauka a kafaɗarsa. Na ji Sunday, abokinsa na masaƙa, yana cewa da dariya, "Mutumina, ashe kai ɗan Barnawa ne ba mu sani ba? To, barka da dawowa." Kafin in ratsa mutane in isa kwandon, an fita da shi, an zuba kananzir.

A gida ban jira Mama ta cire ɗankwali ba.

"Mama, kin yi alkawari!"

"Ƙarya na yi? Allah bai warkar da shi ba?"

"Bai warke ba tukuna! Na faɗa miki, likita ta ce kada ya daina."

"Ke Christy, tun da kika shiga makarantar nan kike ganin kin fi kowa. Wanda ya ɓoye alherin Allah, butulu ne. In yi shiru Ubangiji ya karɓe abinsa?"

"Addu'a ta hana shan magani ne? Ke da hawan jininki, me ya sa ba ki jefa naki a kwandon ba?"

Ta ce, "Nawa ai ciwo ne."

Abin da ya fi ƙona mini rai, har zuciyarta ta yi imani alheri ta yi masa. Ta tona asirin ɗanta gaban ɗaruruwan mutane, an kuma tafa mata.

Washegari Yaya bai je aiki ba. Ranar Talata ma haka. Oga Cyril ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa. "Albert, fito mana! Kwastoma suna jira. Wa ya damu da surutun mata?" Labule bai ɗaga ba. Na samo wani maganin na ajiye masa, ya sha ba tare da ya dube ni ba. Tsorona ɗaya: Alhamis ta zo ya ce ba shi ba asibiti har abada. In ya faɗi haka, na san inda hanyar take zuwa.

Ranar Alhamis da safe ina tsaye a tsakar gida, na kasa ƙwanƙwasa masa. Sai ya fito da kansa, da jaka a kafaɗa, babba, ba ta zuwa asibiti ba. Mama na tankaɗe a bakin madafa.

"Ina zuwa da kaya haka, ɗana?"

"Asibiti, Mama. Daga can zan wuce unguwar Romi. Oga Cyril ya ba ni ɗaki."

"Romi? Ka bar uwarka? Me na yi maka in ba alheri ba?"

Ya daɗe yana kallonta. Babu faɗa a idonsa, da ma akwai da ya fi sauƙi.

"Abu ɗaya kaɗai na roƙe ki," ya ce.

Ta miƙe da gari a hannunta, tana kiran sunansa. Ya juyo gare ni.

"Christy, ɗauko takalminki. Kada mu makara, layi na da tsawo."